ƘARFE ƊAYA BA YA AMO: AIKIN ƘWAYOYIN ƘARFE WAJEN KWANCE ƊAURIN FOSFET, DA MISALI DAGA ƘULLUN KOKO A ƘASAR RANO DA KIBIYA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayani da Hausa a kan wani ɓangare na ilmin sinadaran jikin masu rai, watau yadda ƙwayoyin ƙarfe suke taimakawa wajen kwance ɗaurin da ke tsakanin fosfet da abin da yake riƙe da shi. Mai yiwuwa ne mai karatu ya ce ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan fage, alhali ga nahawu da adabi da al'ada ba a gama da su ba. To, an daɗe ana faɗa a tarurruka cewa Hausa za ta iya ɗaukar kowane irin ilmi, amma masu faɗar sun fi masu gwadawa yawa. Ban da wannan kuma, batun da kansa na al'ada ne, domin abin da masana suka yi shekaru suna bincikawa a jami'o'in ƙasashen waje yana aukuwa kowane dare a cikin ƙwarya da roba a gidajenmu.

A Rano da Kibiya da garuruwan da ke kewaye da su, irin su Rurum da Saji da Tarai da Durba, mata sukan jiƙa gero, su niƙa, su tace, sa'an nan su bar ƙullun ya kwana ya yi tsami kafin su dama koko. In an tambaye su dalili sai su ce don ya yi daɗi ne, ya kuma zauna a ciki. Wannan gaskiya ce. Amma akwai wani aiki da ke gudana a cikin wannan kwanan ƙullu wanda harshe ba ya ɗanɗanawa, kuma lafiyar yaron da ake yayewa da kokon tana da alaƙa da shi. Shi ne za a bi diddigi a nan.

2.0 KALMOMIN DA ZA A YI AIKI DA SU

Kalmar zarra za ta tsaya a matsayin ƙwaya mafi ƙanƙanta ta kowane sinadari, in kuwa zarra biyu ko fiye suka haɗu suka zama abu ɗaya za a kira shi dunƙule. Kalmar ƙarfe tana da 'yar matsala, domin Bahaushe da ita yake kiran abin da ake ƙera fartanya da shi, da ita kuma yake kiran dukkan danginsa. A nan ƙarfe na nufin dangin gaba ɗaya. Na fartanya za a ce masa baƙin ƙarfe, sauran kuwa su ne tutiya da magniziyam da kalsiyam da manganis. Kada kuma mai karatu ya zaci ɓarɓashin maƙera ake nufi. Ana nufin zarrar ƙarfe guda ɗaya mai ɗauke da cajin lantarki, wadda ta narke a ruwa kamar yadda gishiri yake narkewa. Irin wannan ita ce ayon.

Cajin lantarki iri biyu ne, kuma ba sai mun je nesa neman suna ba, tun da a nahawu muna da tabbatau da korau. Ayon na ƙarfe cajinsa tabbatau ne, na fosfet korau ne. Ƙa'idarsu ɗaya da ta bakin maganaɗisu: mabambanta suna jan juna, masu kama da juna suna ture juna.

Saura kalma ɗaya, watau sunan abin da yake gaggauta haɗuwar sinadarai ko rabuwarsu ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Na zaɓi in kira shi dillali, saboda aikin dillali shi ne ya haɗa mutum biyu da ba don shi ba da sai su shekara ba su daidaita ba, in ciniki ya faɗa kuma ya wuce ga na gaba. Inda kwatancin ya gaza shi ne namu dillalin ba ya karɓar la'ada. Dillalan da ke jikin masu rai yawancinsu furotin ne, sunansu inzayim.

3.0 ƊAURIN FOSFET

A shekarar 1669 ne wani Bajamushe mai suna Hennig Brand, mutumin Hambug, ya fara ware sinadarin fosfaras, ya same shi kuwa yana dafa fitsari da zummar zai fitar da zinariya. A jikin mai rai fosfaras ba ya zama shi kaɗai. Zarrarsa takan zauna a tsakiya, zarra huɗu na oksijin su kewaye ta, kamar mutum mai hannu huɗu. Wannan dunƙule shi ne fosfet. Kimanin kashi 85 cikin 100 na fosfet ɗin jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan abin da ya rage shi ne ya shafe mu.

Idan ɗaya daga cikin hannayen nan ya kama wani dunƙule mai ƙashin bayan kabon, alal misali sukari, to an sami abin da ake kira esta ta fosfet. Akwai mai ɗauri ɗaya, kamar sukarin da jiki ya liƙa wa fosfet kafin ya ƙona shi. Akwai mai ɗauri biyu, wanda ya kama wannan da hannun dama ya kama wancan da hannun hagu, kuma da irinsa aka ƙulla sarƙar DNA, ma'ajiyar gadon halitta. Akwai kuma mai ɗauri uku.

Abin mamaki game da ɗauri ɗaya da ɗauri biyu shi ne ƙarkonsu. A shekarar 2003 Richard Wolfenden na Jami'ar North Carolina a Amurka da abokan aikinsa sun auna yadda mai ɗauri ɗaya yake kwancewa a cikin ruwa zalla. Da yake ba mai ran da zai jira, sai suka yi awon da zafi mai tsanani, suka yi lissafi zuwa zafin ɗaki na digiri 25. Suka tarar kafin rabinsa ya kwance sai an yi shekara 1,100,000,000,000, watau sama da miliyan sau miliyan. A 2006 suka auna mai ɗauri biyu, suka sami kimanin shekara miliyan 30. Dalilin wannan ƙarko Frank Westheimer na Jami'ar Harvard ya riga ya bayyana shi a 1987. Hannayen fosfet da ba su kama kome ba suna ɗauke da caji korau, abin da zai zo ya tsinka ɗaurin shi ma korau ne, saboda haka tun daga nesa ake ture shi. Wannan cajin kuma shi yake hana dunƙulen ratsa bangon ƙwayar halitta ya zube waje.

Mai ɗauri uku ba shi da wannan garkuwa, domin ba sauran caji a jikinsa, kuma mun san shi sarai ko da ba mu san sunansa na kimiyya ba. Fiya-fiya, maganin ƙwarin da wasu suke zuba wa wake a buhu, sinadarin da ke cikinsa dikulobos ne, esta mai ɗauri uku. Rashin cajin ne ya sa yake ratsa fata da huhu, ya je ya liƙa fosfet ɗinsa a bakin wani inzayim na jijiyoyi ya toshe shi, ƙwaro ya mutu, mutum ma in ya yi yawa ya bi shi. Saboda ragowarsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Akwai ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa masu inzayim da ke farfasa magunguna na wannan dangi, kuma ayon biyu na ƙarfe ne a tsakiyarsa.

To, ga matsalar da rai yake fuskanta. Yana bukatar ɗaurin da ba zai kwance da kansa ba, in ba haka ba gado ya watse. Yana kuma bukatar ya kwance shi cikin ƙiftawar ido duk sa'ad da ya ga dama. A lissafin su Wolfenden, inzayim masu wannan aiki suna ninka saurin kwancewar da adadin da in za a rubuta shi sai a sa 1 a jera masa sifiri 21.

4.0 YADDA ƘARFE YAKE DILLANCI

Wanda ya taɓa zama a maƙera zai fi saurin gane wannan sashe. Maƙeri ba ya kama jan ƙarfe da hannu, sai da awartaki, kuma ba ya sara da kurfi sai ya tabbata bakinsa da kaifi. Ayon na ƙarfe da ke zaune a cikin ramin inzayim yana yin aikin awartakin, yana kuma yin aikin dutsen washi.

Aikin awartaki shi ne, da yake cajinsa tabbatau ne, yakan kama hannayen fosfet masu korau ya riƙe. Da ya riƙe su garkuwar nan ta faɗi, zarrar fosfaras da ke tsakiya ta fito fili, sa'an nan ga shi an tsai da ita daidai inda sara zai sauka. Aikin washi kuwa ya fi ban sha'awa. Abin da ke tsinka ɗaurin ruwa ne, amma ruwa zalla wuƙa ce dakusassa. Sai ya saki haidirojin ɗaya ya zama haidiroksaid sa'an nan yake yin kaifi, kuma a cikin ruwan sha, dunƙule ɗaya ne tak cikin kimanin miliyan 500 yake cikin wannan hali. Idan dunƙulen ruwa ya manne wa ayon na ƙarfe, ƙarfen yakan ja oksijin ɗinsa da ƙarfi har sakin haidirojin ya zo da sauƙi. Masana suna da ma'aunin tsami mai hawa daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsaka-tsaki, ƙasa da ita ɓangaren tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Ruwan da ke manne da magniziyam yana sakin rabin haidirojin ɗin nan a wajen 11.4, na tutiya a wajen 9, a cikin ramin wasu inzayim kuwa har ya sauko kusa da 7, daidai yanayin jikin mutum. Ke nan ƙarfe ya ƙera wuƙa mai kaifi a wurin da ake bukatarta kaɗai, ba tare da jinin mutum ya koma ruwan toka ba. Bayan sara ya sauka kuma, ɓangaren da aka yanke yakan fita da sabon caji korau, wani ƙarfen ya tare shi ya rage masa nauyi.

Tun da ayyukan sun fi ɗaya, sau da yawa ƙarfen ma ya fi ɗaya. A 1923 Robert Robison ya gano wani inzayim mai cire fosfet a cikin ƙashin dabbobi masu tasowa, a Cibiyar Lister da ke Landan. Shi ne wanda har yau ake aunawa a jini a asibiti in ana duba lafiyar hanta ko ta ƙashi. A 1991 Kim da Wyckoff na Jami'ar Yale suka fitar da cikakkiyar surar ɗan'uwansa na jikin bakteriya, aka ga tutiya biyu suna zaune kusa da juna, ga magniziyam ɗaya a gefe. Tazarar da ke tsakanin tutiyoyin kimanin kashi 4 ce cikin miliyan 10 na milimita, daidai faɗin da fosfet zai zauna a tsakani. A 1993 Thomas Steitz da matarsa Joan Steitz suka nuna cewa wannan tsari na ƙarfe biyu ya game inzayim da yawa masu yanka sarƙar gado: ɗaya ya wasa mai sara, ɗaya ya tallafi abin da aka yanke, su biyun kuma su riƙe fosfet a tsakiya. Da Bahaushe ya ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, husuma yake nufi, amma ban san wata jimla da ta fi wannan taƙaita binciken su Steitz ba.

Ba a kwancewa kaɗai ƙarfe yake dillanci ba, har da miƙa fosfet daga wannan hannu zuwa wancan. A 1906 Arthur Harden da William Young suka lura cewa ruwan yisti ba ya ci gaba da sarrafa sukari sai an ƙara masa fosfet. A 1929 Karl Lohmann a Jamus ya ware dunƙulen da ake kira ATP, mai jerin fosfet uku, wanda shi ne kuɗin cefanen kowace ƙwayar halitta. Abin da baligi yake kashewa ya sake ƙerawa na ATP a yini ya kusa nauyin jikinsa, kuma kusan dukkansa yana yawo ne rungume da magniziyam. Lomar tuwo in ta narke ta zama sukari ta shiga ƙwayar halitta, matakin farko shi ne a ciro fosfet daga ATP a liƙa wa sukarin, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da magniziyam.

5.0 DAGA GONA ZUWA ƘWAYAR HATSI

Ƙasar noma ta Arewa ba ta da wadatar fosfet, abin da binciken Cibiyar Aikin Gona ta Samaru ya daɗe da tabbatarwa. Shi ya sa tun zamanin dalar gyaɗa manoman Kano suka san takin sufa. Asalin wannan taki daga Ingila ne, inda John Bennet Lawes ya yi rajistar hanyar yin sa a 1842, a Nijeriya kuma masana'antarsa ta Kaduna ta fara aiki a 1976. Inda ba taki, saiwar shuka da kanta takan fitar da inzayim cikin ƙasa ya kwanto mata fosfet daga ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi.

Fosfet ɗin da gero ko dawa suka sha, da yawansa ƙwaya yake tafiya, domin uwa ce take yi wa ɗanta guzuri. Ana ajiye shi a cikin wani dunƙule mai suna faitet, wanda zobe ne na kabon shida, kowane kabon da fosfet ɗinsa mai ɗauri ɗaya. Kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na fosfaras ɗin ƙwayar hatsi a wannan sura yake. Fosfet shida a wuri ɗaya caji korau ne mai yawan gaske, yana iya kaiwa 12, saboda haka duk ayon na ƙarfe da ya gifta sai ya cafke shi. Ga shuka wannan dabara ce mai kyau, rumbu ɗaya ya ɗauki fosfet da ƙarfe tare har ranar da ruwan shuka zai sauka. Ga mai cin hatsin kuwa asara ce. Hanjin ɗan Adam ba shi da isasshen inzayim mai kwance faitet, don haka faitet yakan wuce ta cikinsa riƙe da baƙin ƙarfe da tutiya da kalsiyam, har da waɗanda suka zo daga miya.

An ga illar wannan a fili a ƙasar Iran, inda a 1961 likita Ananda Prasad ya ba da bayanin wasu samarin ƙauye da suka kai shekara ashirin amma jikinsu na yara, abincinsu kuwa gurasar alkama ce wadda ba a bari ta tashi ba. A 1963, a Masar, ya tabbatar da cewa rashin tutiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa in dunƙulen faitet a abinci ya ninka zarrar tutiya fiye da sau 15, ɗan kaɗan ne na tutiyar zai shiga jiki. A gida kuma, binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya sami kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 da ƙarancin jini, ya kuma sami kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Ba za a ɗora wa faitet wannan duka ba. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da gudawa da rashin abincin kansa suna da babban kaso. Amma a gidan da hatsi ne safe da rana da dare, nama kuwa sai ranar kasuwa ko ranar suna, nasa kason ba ƙarami ba ne.

6.0 JIƘO DA TSIRO DA TSAMI

Wanda ya kulle rumbu yana da mabuɗi. Inzayim mai kwance faitet sunansa faitas, kuma Umetaro Suzuki da abokansa ne suka fara gano shi a dusar shinkafa a Japan a 1907. Babban faitas na hatsi yana cikin wani dangi da ake yi wa laƙabi da masu launin shunayya, domin in an tace su haka launinsu yake, kuma baƙin ƙarfen da ke cikinsu ne yake ba da launin. Mutanen Rano, da tarihi ya kira su sarakunan baba tare da Kanawa, ba sa bukatar a kwatanta musu wannan launi. Kowane ɗaya daga cikin dangin nan ƙarfe biyu ne a tsakiyarsa. Na farko baƙin ƙarfe ne kullum, na biyu kuwa ya danganta: a wani irin jan wake da aka fitar da surarsa a Jamus a 1995 tutiya ce, a dankalin Hausa manganis ne, a wasu kuma wani baƙin ƙarfen ne. A nan ne al'amarin ya zagayo. Ƙarfen da faitet yake tsarewa, irinsa ne yake zaune a cikin faitas yana cire masa fosfet ɗaya bayan ɗaya, kuma da an cire biyu ko uku riƙon ya yi sako-sako, fursunonin su fita.

Sai dai faitas yana da sharuɗɗa. Ba ya aiki a busasshiyar ƙwaya sai ta sha ruwa. Yana son ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin da aka ambata. Yana son ɗumi na digiri 45 zuwa 55, amma tafasa tana kashe shi, alhali shi faitet tafasa ba ta yi masa kome. Sa'an nan yana son lokaci. In muka auna girke-girkenmu da waɗannan sharuɗɗa za mu ga ba ɗaya suke ba.

Tuwo bai cika ko ɗaya ba. Busasshen gari ne ake yi wa talge a zuba cikin tafasasshen ruwa, inzayim ya mutu kafin ya farka. Ko an sa tsamiya ko ruwan tsami a tukunyar, daɗi da hana lalacewa aka samu, domin tsamin ya zo tare da wuta. In kanwa aka sa, an ma tafi ɗaya ɓangaren ma'aunin. Abin da yake rage faitet a tuwo shi ne surfe, tun da kaso mai yawa nasa yana bin dusa. Amma surfe wuƙa ce mai baki biyu, domin dusar tana tafiya da rabonta na baƙin ƙarfe da tutiya da shi kansa faitas ɗin. Akuya da saniya ne suke cin ribar, saboda ƙwayoyin bakteriya na tumbinsu suna kwance faitet sarai. Kaza ba ta da wannan gata, shi ya sa tun daga 1991 masu haɗa abincin kaji suka fara zuba faitas na kamfani a ciki.

Koko kuwa ya cika sharuɗɗan kusan duka. Jiƙo ya ba da ruwa, ko da yake jiƙo shi kaɗai kaɗan yake ragewa, har ma wani ɓangare na baƙin ƙarfen yakan bi ruwan da aka zubar. Niƙa ya farfasa ƙwaya ya haɗa inzayim da abin da zai ci. Kwanan ƙullu shi ne zuciyar aikin: ƙwayoyin bakteriya irin waɗanda suke mai da madara kindirmo sukan ci sukari su fitar da tsami, ma'auni ya sauko daga kusa da 6 ya ratsa ta 5 ya nufi 4, a kan wannan hanya faitas ya sami sa'o'insa. A Wagadugu ta Burkina Faso ana yin wani kunun gero da ake kira ben-saalga, wanda hanyar yin sa kusan ɗaya ce da ta kokonmu, kuma wani bincike da aka buga a 2006 ya sami faitet ɗinsa ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Dole a faɗi gaskiya cewa ba faitas na hatsin kaɗai ke wannan aiki ba. Yisti da sauran ƙananan halittu na cikin ƙullu suna da nasu, wasunsu ma ba sa aiki da ƙarfe ko kaɗan. Waina da ake barin ƙullunta ya kwana ya tashi ita ma a wannan layi take.

Daddawa ta bi wata hanya dabam. Ruɓar kalwa ba tsami take kawowa ba, ɓangaren kanwa take nufa, warinta ma na amoniya ne. Ƙwayar da ke jan ragamar wannan ruɓa ita ce Bacillus subtilis, kuma a 1998 masu bincike a ƙasar Finlan suka ware wani faitas daga irin wannan ƙwaya wanda ba ya bukatar tsami, ba ya kuma motsi sai da kalsiyam. Wani ƙarfen ne, wani yanayin ne, amma dillancin ɗaya ne.

A ganina abin da ya kamata ya dame mu shi ne gaggawar da ta shigo sana'ar koko. Injin markaɗe ya sauƙaƙa wahala, ba mai ƙin wannan. Amma akwai mai jiƙa gero da hantsi, ta kai markaɗe da la'asar, ta tace, ta matsa lemon tsami ko ta zuba ruwan tsamiya don a ji ɗanɗanon, ta dama nan take. Harshe ba zai bambance ba, hanjin yaro zai bambance. Zuba ruwan tsamin jiya a kan sabon ƙullu, kamar yadda tsofaffi suke yi, dabara ce ta ƙwarai domin iri ne aka ba shi, amma da sharaɗin a bar shi ya yi sa'o'insa kafin ruwan zafi ya taɓa shi.

Akwai kuma bambanci tsakanin hatsi da hatsi. Gero da dawa da masara da shinkafa faitas kaɗan ne a busasshiyar ƙwayarsu, alkama da sha'ir kuwa suna da shi da yawa. Masu bincike na Jami'ar Aarhus a Denmak sun bayyana dalilin a 2013: dawa da masara da shinkafa suna da tushen gado ɗaya na wannan inzayim, wanda ba ya tashi aiki sosai sai ƙwaya ta fara tsiro, alkama da danginta kuwa suna da na biyu da yake cika ƙwaya da inzayim tun tana kan zangarniya. Ke nan masu sa tsiro a kunun zaƙi, ko da zaƙi suke nema, sun tashi faitas daga barci. Wannan bambanci yana da amfani musamman ga ƙasar Rano, domin tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ake noman alkama da rani a filayen Kadawa da Kura da Bunkure, maƙwabta na kusa. A 2003 masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka gwada haɗa abincin yaye da kimanin kashi ɗaya cikin goma na garin alkama mai dusa, suka jiƙa shi da ɗumi da ɗan tsami, faitet ya kwance cikin 'yan sa'o'i. A ma'aunin kasuwa, mudu ɗaya na alkama ke nan a cikin mudu goma na haɗin. Alkamar ta zama ɗanya, ba soyayya ko dafaffiya ba, a niƙa ta da dusarta, domin fulawar buhu an riga an raba ta da inda inzayim ɗin yake. A zuba garin a cikin ƙullu bayan an tace, tun da daddare, a rufe a ajiye kusa da murhu inda akwai sauran ɗumi, sai da safe a dama.